Fatawa: Na ba aboki kuɗi ya yi mini rajistar shafi, ya ce nasa ne

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni mazaunin Mabera ne a Sakkwato. Ina rubutu a intanet da sunan aro kan matsalar ruwan sha da tsadar kaya. Da zan buɗe shafin, na ba abokina kuɗi ya yi rajistar adireshinsa da sunansa, don nawa ya ɓoyu. Yanzu shafin ya karɓu, talla ta fara shigowa, sai ya ce nasa ne tunda sunansa ke rajista, in na matsa kuma zai tona ko ni wane ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Amsar nan bisa abin da ka faɗa take, domin ba mu ji ta bakin abokinka ba.

Adireshin shafi dukiya ce. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa sunan kasuwanci da tambarinsa haƙƙi ne mai ƙimar kuɗi wanda shari'a ke karewa, kuma a kan wannan muke yi wa adireshi ƙiyasi. Sai dai riƙonsa ya fi kama da hayar rumfar kasuwa: shekara-shekara ake biya, aka bar sabuntawa ya kuɓuce.

Abokinka wakili ne. Abin da wakili ya saya da kuɗin wanda ya aike shi, na mai aiken ne, hannun wakili hannun amana ne kawai. Allah ya yi umarni a Suratun Nisa'i, aya ta 58, da a mayar da amanoni ga masu su. Sunansa da ke rajista ba zai halatta masa komai ba. Annabi (SAW) ya ce wanda ya yanke wa hukunci da haƙƙin ɗan'uwansa saboda ya fi iya kafa hujja, yanki ne na wuta ya yanka masa. Amma in ya taɓa sabuntawa da kuɗin aljihunsa, ka biya shi. In yana yi wa shafin hidima irin wadda ba a yi kyauta a al'ada, yana da ladan aikinsa. Kar ka cinye masa.

Barazanar tona ka haramun ce, domin sirrin da ka ba shi ma amana ce, kuma karɓe dukiya ta hanyar tsoratarwa cin ta ne da ɓarna. Togiya ɗaya ce: in ka yi wa wani ƙazafi har kotu ta nemi shaidar abokinka, dole ya faɗa, domin ɓoye shaida zunubi ne. Rubutu da sunan aro halal ne a kansa, ko da yake da yawa sun mayar da shi garkuwar cin naman mutane. Mala'iku masu rubuta ayyuka ba su san sunan aro ba.

Inda wuyar take shi ne hujja. Kamfanin rajista, da NiRA mai kula da adireshin da ke ƙarewa da .ng, sunan da ke rubuce suka sani. Kai ne mai da'awa, hujja a kanka take, rantsuwa a kan wanda ya musa. Ka adana shaidar tura kuɗi ta banki da saƙonninku na WhatsApp. A mazhabarmu ta Malikiyya, shaida ɗaya adali tare da rantsuwarka ya isa a sha'anin dukiya. Amma sunan aro ba ya tsayawa gaban alƙali, ba ya rantsuwa: ranar da ka kai ƙara, da bakinka za ka faɗi abin da kake ɓoyewa. Don haka ka fara neman dattijon da ku biyu kuke jin kunyarsa, ya yi muku sulhu a ɓoye, a mayar da rajistar hannunka a gabansa. Kar kuma ka sa a yi kutse cikin asusunsa.

Wallahu a'alam.