Tambayoyinku: Waya da Kyamara a Ƙasar Ƙanƙara

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon kusan duk wuri guda suka nufa. Wata 'yar'uwa da ke karatu a birnin Tromsø na ƙasar Norwe ta turo tambaya kan tafiyar da za su yi zuwa Svalbard, sai ga wasu masu karatu da makamantanta, shi ya sa na haɗa su. Svalbard tarin tsibirai ne a ƙarƙashin ikon Norwe, can cikin yankin Aktik, tsakanin ƙasar da ƙuryar arewacin duniya. Babban garinsu Longyearbyen, mazaunansa kimanin 2,500 ne, amma baƙin da jiragen ruwa da na sama ke saukewa a shekara sun ninka su sau da yawa, kowa da kyamara ko waya a hannu.

Tambaya: Malam, a watan Afrilu za mu je Svalbard da 'yan ajinmu. Ba ni da kyamara, sai waya mai zuƙowa sau biyar. Za ta ɗaukar mini farar beyar ɗin nan, babbar dabbar da ke farauta a kan ƙanƙara, da kyau, ko in nemi aron kyamara?

Amsa: 'Yar'uwa, kafin maganar waya akwai maganar doka. Tun daga 1 ga Janairun 2025, a Svalbard an hana kusantar farar beyar ƙasa da mita 300, sannan daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Yuni tazarar ta koma mita 500. Tafiyarki ta faɗa cikin wannan lokacin. Ko ita ce ta doso ku, ku ne za ku ja da baya.

To bari mu yi lissafi. Babbar beyar tsawonta kamar mita biyu da rabi ne. Zuƙowa sau biyar a waya daidai yake da gilashin kyamara mai milimita 120 ko kusa da haka. Daga nisan mita 500, dabbar za ta ci kashi ɗaya cikin 60 na faɗin hotonki. Idan hoton yana da ɗigo 4,000 a kwance, rabonta bai kai ɗigo 70 ba, kamar ƙwayar shinkafa a tsakiyar faranti. Mai babban gilashi na milimita 600, irin wanda sai an ɗora shi kan ƙafa, shi ma kashi ɗaya cikin 12 zai samu. Don haka aron kyamara zai taimaka, amma ba zai ba ki hoton fuskar nan da kike gani a mujallu ba. Da yawa daga cikin waɗancan an ɗauke su ne kafin wannan doka, ko a wasu ƙasashe masu wani tsarin.

Kada kuma zuƙowa sau 50 ko sau 100 da kamfanoni ke tallatawa ta ruɗe ki. Da zarar an wuce iyakar gilashin, yanka hoton kawai wayar take yi ta faɗaɗa, sannan manhaja ta cike gurbi da hasashe. Gashin da za ki gani a jikin dabbar, rabinsa ƙirar manhaja ne.

Shawarata, ki tsaya kan sau biyar ɗinki, ki bar beyar ta zama 'yar ƙarama a cikin hoton, ƙanƙara da duwatsu su cika sauran. Ni a wurina irin wannan hoton ya fi faɗin gaskiyar wurin, domin yana nuna girman filin da dabba ɗaya take buƙata kafin ta ƙoshi.

Kuma ina tare da wannan dokar ɗari bisa ɗari. A watannin Maris da Afrilu ne uwa ke fitowa daga ramin ƙanƙara da 'ya'yanta, bayan ta shafe watanni ba ta ci komai ba. Duk gudun da baƙi suka sa ta yi, kitsen da za ta shayar da shi ne yake ƙonewa. Ga shi ƙanƙarar tekun da take farauta a kai tana raguwa, domin tun daga 1979 yankin Aktik yana ɗumama kusan ninki huɗu na matsakaicin duniya. An hana farautarta a Svalbard tun 1973, amma duk da haka idan ta haɗu da mutum a kusa, ita ce ke kwana ciki. A watan Yulin 2018 an harbe wata har lahira bayan ta raunata ɗaya daga cikin masu gadin wani jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido da suka sauka gaɓa. A gidanta suka same ta.

Idan dabba kike so ta cika miki hoto, akwai barewar Svalbard mai gajerun ƙafafu, wadda ke kiwo har cikin garin Longyearbyen. Ki tsaya cik, ki bar ta ta yi harkarta. Kada kuma ki fita bayan gari sai da ɗan jagora mai kayan kariya.

Tambaya: Na ji an ce waya na mutuwa a sanyi ko da cajinta ya kai rabi. Lalacewa take yi?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, suma ce take yi. Batirin litiyam yana aiki ne da motsin sinadarai, sanyi kuwa yana rage wannan motsin, sai ƙarfin wutar ya faɗi, wayar ta ɗauka caji ya ƙare ta kashe kanta. Kamfanin Apple ya ce an yi iPhone ne don aiki tsakanin digiri 0 da 35, alhali a Svalbard digiri 15 ƙasa da sifili ba abin mamaki ba ne a hunturu. Ka saka ta a aljihun ciki, jikinka ya ɗumama ta, za ka ga cajin ya dawo.

Abin da ke lalata batir da gaske shi ne yi masa caji alhali yana ƙasa da sifili. A wannan yanayin litiyam ɗin yana taruwa ya daskare a jikin farantin ciki, kuma wannan ɓarnar ba ta gyaruwa. Ka bari wayar ta ɗumama tukuna. Mai kyamara ya riƙe batir biyu ko uku, ɗaya na aiki, sauran suna jikinsa, yana musanyawa. Fawa banki kuma a jakar hannu ake shiga jirgi da shi, ba a akwatin da za a auna ba.

Tambaya: Me ya sa ake cewa a saka kyamara a leda kafin a shiga ɗaki?

Amsa: Wannan na sha ganin irinsa a teburin gyara, kuma ba sai an je Aktik ba. Da damina wani ya kawo mini kyamarar da ta kwana a ɗaki mai sanyin na'ura, da safe ya fito da ita cikin iska mai laima, nan take gilashin ya yi hazo. Ya goge waje, hazon bai tafi ba, domin ta ciki ruwan ya kwanta. Da na buɗe bayan makonni, sai ga tsatsa kore-kore a bakin wayoyin allon, da wani farin zare na funfuna yana yaɗo a gilashin ciki.

Abu ɗaya ne da raɓar da ke taruwa a jikin kwalbar lemo mai sanyi. A Svalbard kyamara ce kwalbar, ɗakin otal ko cikin jirgin ruwa shi ne iska mai ɗumi. Tun kana waje ka cire katin ajiya da batir, ka saka kyamarar a leda mai zif ka rufe ruf, sannan ka shiga. Raɓar za ta kwanta a bayan ledar. Ka ba ta awa ɗaya zuwa biyu kafin ka buɗe. Idan an riga an yi kuskure, kada ka kunna ta, kada kuma ka ɗora ta kan hita.

Tambaya: Ina da ƙaramin jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto. Tunda an hana kusantar dabbobi da ƙafa, ba sai in tura shi ba?

Amsa: Ka bar shi a gida. An haramta tashinsa a duk wuraren da aka keɓe don kariya, waɗanda suka mamaye fiye da rabin ƙasar tsibiran, haka kuma cikin kilomita 5 daga filin jirgin saman Longyearbyen, wanda ya haɗa da garin kansa. Ko babu doka ba zan ba ka goyon baya ba. Tsuntsayen teku suna ƙwai a kan siraran bakunan duwatsu, ƙarar jirgin nan ta tashe su, ƙwai su gangaro.

Tambaya: Duk hoton dusar ƙanƙara da na ɗauka sai ya fito toka-toka. Wayar ce ba ta da kyau?

Amsa: Wayarki lafiyarta ƙalau, Hajiya. Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne kan zaton cewa abin da ke gabansa matsakaici ne, ba fari ba, ba baƙi ba. Da ya ga fili fari fat sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage. Ki taɓa allon, ki ja alamar ranar sama kaɗan. A kyamara kuma a ƙara haske da +1 zuwa +2, ana lura kada farin ya ƙone har zanen da iska ta yi a kan ƙanƙarar ya ɓace. Idan wayarki na ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da manhaja ba ta sarrafa ba, ki kunna, gyaran launin shuɗin da ke cikin inuwa ya fi sauƙi da shi.

Game da koren hasken nan mai rawa a sararin sama da mutane da dama suka tambaya, sai da duhu ake ganinsa. A Longyearbyen rana ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Afrilu har ƙarshe-ƙarshen Agusta, don haka mai zuwa lokacin ya cire rai. Daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu kuwa rana ba ta fitowa, a tsakiyar wannan lokacin har da azahar ana iya ganinsa. Ana bukatar ƙafar kyamara, ISO (ma'aunin ƙarfin kama haske) 1600 zuwa 3200, da barin idon kyamara a buɗe na daƙiƙa 2 zuwa 10. Mai waya ya kunna tsarin ɗaukar dare, ya jingina ta da wani abu, kada ya riƙe da hannu.

Tambaya: Akwai sabis a can kuwa?

Amsa: A Longyearbyen akwai, mai ƙarfi ma, domin igiyar intanet ta ƙarƙashin teku ta haɗa garin da Norwe. Da an yi nisa da gari sai ya ɗauke, masu jagora da wayar tauraron ɗan'adam ta Iridium suke yawo. Wanda jirginsa zai tsaya a ƙauyen masu bincike na Ny-Ålesund ya kashe Wi-Fi da Bluetooth, har na agogon hannu da na kyamara. An hana amfani da su cikin kilomita 20 saboda na'urorin da ke sauraren siginar sararin samaniya.

Ƙari ɗaya daga gare ni. Wayarka tana rubuta ainihin wurin da ka tsaya a cikin kowane hoto. Idan ka dace da ramin farar yanyawa ko sheƙar tsuntsu, ka cire wannan bayanin kafin ka tura wa kowa, kada ka kuma ambaci wurin. Hoto ɗaya ya isa ya kai mutum hamsin bakin ramin.

Tambaya: An turo mini hoton farar beyar tana zaune da tsuntsun fenguwin a WhatsApp. Gaskiya ne?

Amsa: Haɗi ne, ko aikin ƙirƙirarriyar basira. Farar beyar a arewacin duniya take, fenguwin kuma 'yan kudu ne, ba su taɓa haɗuwa a daji ba. Ka saka hoton a manhajar binciken hoto ta Google Lens ka ga inda ya fara fitowa, sannan ka duba ƙafafun dabbar da inuwarta. Dabbar da ta kai ɗaruruwan kilo dole ta bar sawu a dusar ƙanƙara, a wanda ka turo mini kuwa babu ko ɗaya.