Tambaya da Amsa: Shin Sayen Alƙalan Wasa Ake Yi a Ƙwallon Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai gyaran waya ne a Birnin Kebbi. Tun da ƙanena ya dawo daga karatu ya koya mana kallon ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a gudu da ita ana sanye da hular kwano, majalisarmu ta wurin mai shayi ba ta rabuwa da gardama idan lokacin wasannin sili-ɗaya-ƙwale ya zo. Abokina ya dage cewa sayen alƙalan wasa ake yi, kuma Kansas City Chiefs ce 'yar lelen NFL, hukumar da ke shirya gasar. Hujjarsa ita ce wasan Chiefs na Janairun 2025, inda aka ce Josh Allen na Buffalo Bills bai kai ƙwallo inda ake so ba. Na ce masa ba a iya maguɗi a gaban kyamarori masu yawa haka, sai ya ce to me ya hana kyamarorin gyarawa? Malam, a raba mana gardama, domin har gaisuwarmu ta fara yin sanyi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zafin wannan gardama yana da dalili. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar, kowace ta buga wasa 17, sannan 14 su shiga zagayen da wanda ya faɗi sau ɗaya ya tafi gida, babu wasa na biyu da za a rama kamar yadda muka saba gani a kofin zakarun Turai. Wahalar shekara guda tana iya rataya a kan abin da mutum ɗaya ya gani, ko bai gani ba, cikin ƙiftawar ido. Alƙalai bakwai ne a fili suna lura da 'yan wasa 22 da ke karo da juna a lokaci ɗaya, kuma wanda ya ga laifi yakan zaro ƙyalle mai ruwan ɗorawa daga ƙugunsa ya jefa a ƙasa.

Zan fara da inda abokinka yake da gaskiya, wato cewa alƙalai sukan yi kuskuren da ke kashe ƙungiya. Ranar 20 ga Janairun 2019, New Orleans Saints da Los Angeles Rams suna kunnen doki, 20 da 20, saura ƙasa da minti biyu a tashi, kuma wanda ya ci zai je wasan ƙarshe na Super Bowl. Drew Brees na Saints ya jefa wa abokin wasansa Tommylee Lewis ƙwallo, amma tun tana sama Nickell Robey-Coleman na Rams ya taho a guje ya banke Lewis, hular kwano ta haɗu da hular kwano. Laifi biyu ke nan a wuri ɗaya, domin doka ta hana tare mai karɓa kafin ƙwallo ta iso, ta kuma hana dukan kai. Babu alƙalin da ya jefa ƙyalle. Na kalli wasan a wannan dare cikin sanyin hunturu, kuma har yau ina tuna yadda na zuba ido a kan ciyawar filin ina jiran ƙyallen ya faɗo. Da an hukunta laifin, da Saints sun sami sababbin damammaki huɗu (ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo ana ba ta damammaki huɗu ne ta ci gaba da yadi goma), su cinye lokaci, su buga ƙwallon maki uku a daƙiƙun ƙarshe. Maimakon haka Saints suka ci makin ukun da sauran lokaci, Rams suka sami sarari suka farke, suka kuma ci 26 da 23 a ƙarin lokaci. Daga baya hukumar ta ci tarar Robey-Coleman, shugabanta Roger Goodell kuma ya amsa a bainar jama'a cewa ya kamata a ce an hukunta laifin. Wanda ya ce an cuci Saints a ranar bai yi ƙarya ba.

Sai dai da yawa daga hukunce-hukuncen da ake zagin alƙalai a kansu, idan ka bi diddigi, dokar ce ta haifar da su. A Janairun 2002, cikin dusar ƙanƙara, Charles Woodson na Oakland Raiders ya buge Tom Brady na New England Patriots ƙwallo ta suɓuce, Raiders suka kwanta a kanta, kowa ya ɗauka wasa ya ƙare. Alƙali Walt Coleman ya duba bidiyo ya mayar wa New England Patriots ƙwallon, saboda a lokacin akwai dokar da ta ce muddin hannun mai jifa ya fara tafiya gaba, ko da yana ƙoƙarin maido ƙwallon jikinsa ne, faɗuwarta jifa ce da ba ta kai ba. Patriots suka ci 16 da 13. Coleman ya bi abin da ke rubuce, kuma sai a 2013 aka soke dokar. Haka aka yi wa Dez Bryant na Dallas Cowboys a Janairun 2015, aka ce bai kama ƙwallon da duniya ta ga ya kama ba, sannan aka gyara ma'anar kamu a 2018.

Game da kyamarori, kai ma ɗan'uwa ka ba su ƙarfin da ba su da shi. Koci yana da jan ƙyalle da zai jefa ya ƙalubalanci hukunci, sau biyu a wasa, da ƙarin na uku idan ya yi daidai, kuma ana duba bidiyon tare da ofishin hukumar da ke New York. Amma ƙa'idar ita ce ba a sauya abin da aka yanke a fili sai hoto ya nuna kuskure ƙarara. Bayan abin da ya sami Saints an gwada shigar da laifin tare mai karɓa cikin abubuwan da ake dubawa a kakar 2019, sai ƙorafi ya ƙaru, domin idan aka rage gudun bidiyo kusan kowane taɓi yakan yi kama da laifi. Shekara ɗaya aka yi aka watsar da tsarin.

Wannan ya kawo mu ga Josh Allen. Bills suna gaba da 22 da 21 a farkon kashi na huɗu, suna neman yadi ɗaya a ta ƙarshe cikin damammakinsu huɗu, Allen ya dunƙule ya kutsa cikin tarin ƙarti. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe bayan kaka zai gane matsalar. Idan 'yan dambe suka sarƙe, ƙura ta tashi, ɓangare ɗaya ya rantse gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, ɗaya ɓangaren ya rantse tuntuɓe ne kawai, kowannensu abin da ya hango daga inda yake tsaye yake faɗa. A wasan Allen, alƙalan gefe biyu sun taho daga ɓangarori daban, alamar ɗaya ta ɗan fi ta ɗaya gaba, ƙwallon kuma tana ɓoye a ƙarƙashin jikkuna. Aka yanke bai kai ba, bidiyo bai nuna abin da zai rushe hukuncin ba, Chiefs suka ci 32 da 29. A ganina Allen ya kai, kuma ina jin ciwon abin tare da abokinka, amma ganina daga allon waya bai isa shaida ba. A kakar 2025 an kawo kyamarorin Hawk-Eye su maye gurbin sarƙar yadi goma wajen awo, sai dai har yanzu hannun alƙali ne ke ajiye ƙwallon a wurin da za a auna.

Batun cewa Chiefs 'yan lele ne, ga abin da za ka kai wa majalisa. A Fabrairun 2023 an hukunta James Bradberry na Philadelphia Eagles da laifin riƙo ana dab da tashi, Chiefs suka ci kofi 38 da 35, jama'a suka yi ca a kan alƙalai, amma Bradberry da bakinsa ya ce ya ja rigar abokin karawarsa. Shugaban alƙalan wannan rana, Carl Cheffers, shi ne ya jagoranci wasan ƙarshe na Fabrairun 2021, inda aka hukunta Chiefs sau 11 suka sha kashi 31 da 9 a hannun Tampa Bay. Mako biyu bayan wasan Allen kuma Eagles suka lallasa su 40 da 22. Cewa mutum ya karɓi cin hanci magana ce mai nauyi, kuma a tarbiyyarmu wanda ya yi zargi shi ke kawo shaida, ko da wanda ake zargin Ba'amurke ne da ba zai taɓa jin maganar ba. Abokinka yana da damar cewa an yi kuskure, ni ma zan taya shi, amma saye da sayarwa bai kawo musu hujja ba. Ka same shi gobe ka fara yi masa sallama, ku sake kallon bidiyon tare.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce a Gusau, ɗana ne ya ja ni kallon wasan nan. Idan hukumar ta amsa an yi kuskure, me ya hana a sake wasan?

Amsa: Malama, littafin dokokin NFL ya ba shugaban hukumar ikon soke sakamako ko sa a sake wasa idan wani abin da ya wuce misali ya faru, amma ya cire kuskuren ganin alƙali daga ciki, domin da an buɗe wannan ƙofa babu wasan da zai ƙare a fili. Magoya bayan Saints sun gwada hanyar kotu a 2019, kuma a watan Satumba na shekarar kotun ƙolin jihar Louisiana ta kori ƙarar, bisa cewa tikiti yana ba mutum damar shiga ya kalli wasa ne kawai. Rams suka je wasan ƙarshe ranar 3 ga Fabrairu, Patriots suka doke su 13 da 3, a daidai lokacin da dubban mutanen New Orleans suka ƙaurace wa talabijin suka fito tituna da kaɗe-kaɗe domin nuna fushinsu.