Kati 200 ka buga a kan saƙon murya, kuma kana maganar bashin inji?

Tambaya: Malam, ina sana'ar buga katin biki a Kano. Ɗan kawuna da ke Amurka zai yi aure a can, ya turo min saƙon murya ta WhatsApp wai in yi masa katin dinar da suke yi ana gobe biki. Na buga 200 na aika, ya ce ba haka ake rubutawa ba, har yau bai biya ba, kusan naira dubu 160 ta tafi. Yanzu ina so in ci bashi in sayi babban inji tunda 'yan waje dala suke biya.

Ƙanena, ajiye maganar dala tukuna, wallahi ba inji ne matsalarka ba. Ka kunna inji a kan maganar baki, ba rubutu, ba kafin alƙalami, don kawai ɗan kawunka ne, nan kuɗinka suka tafi.

Ita wannan dinar ba irin tamu ba ce da ake cika hol. A Amurka ana gobe biki ango da amarya da ƙawaye da abokan ango kan je su gwada yadda za a shiga da inda kowa zai tsaya, daga nan a wuce cin abinci, kuma a al'adarsu iyayen ango ne ke ɗaukar nauyi, su ne masu gayyata, sunansu ne a sama. Mutane kaɗan ake kira, dangi na kusa da baƙin da suka zo daga nesa. Na san abin da ka rubuta, iyalan Alhaji wane da na Alhaji wane na farin cikin gayyatar 'yan uwa da abokan arziki, a ƙasa kuma wanda bai samu zuwa ba ya sa mu a addu'a. To su a ƙasan kati ranar da za ka ba da amsa suke sawa, ko za ka zo ko a'a, saboda gidan abinci kujera yake ƙirgawa. Ga kwanan wata, wata suke fara rubutawa, 05/06 a wurinsu 6 ga Mayu ne. Da tambaya ɗaya ka yi, mutum nawa za su zo, da ba ka buga 200 ba.

Na san wani mai buga kati da ya saka marigayi a gaban sunan mahaifin amarya, mutumin kuwa yana raye, a waya aka karanto masa sunayen. Kati 500 ya sake bugawa daga aljihunsa, kuma dangin nan gaba ɗaya ba su ƙara taka shagonsa ba.

Daga yau mai biki ya rubuto da hannunsa, kai ka tsara ka tura masa hoto, ya duba suna, laƙabi, rana, lokaci da wuri, ya rubuto maka "na amince a buga", ka adana saƙon. Sannan ya ba da kashi 70 kafin ka sayi takarda, ko da kuwa uwa ɗaya uba ɗaya kuke. In ya ce ai mu 'yan uwa ne, ka ce masa mai takarda ba ɗan uwanku ba ne.

Inji kuma ka bari sai ka yi shekara kana rubuta kowane aiki a littafi ka ga ko aikin ya fi ƙarfin wanda kake da shi. Dubu 160 ɗin nan kada ka yi shiru, ka je wajen kawu cikin ladabi ka nemi a raba asarar biyu, don shi ma ɗan nasa bai turo rubutu ba.