Fatawa: wanda ya ce "na ɗauka babba ce", yana da uzuri a shari'a?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, ni ɗalibar lauya ce. An koya mana cewa a wasu ƙasashe in mutum ya yi lalata da yarinya mai ƙarancin shekaru, zai iya kare kansa a kotu da cewa shi tsakaninsa da Allah babba ya ɗauke ta, kuma yana da dalilin zaton. Musulunci ya yarda da haka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Toh malama, kuskure kam uzuri ne a addininmu, Allah Ya ce a Suratul Ahzab aya ta 5 babu laifi a kanku cikin abin da kuka yi bisa kuskure, sai abin da zukatanku suka ganganta, ga kuma hadisin Ibn Majah cewa an ɗauke wa al'umma kuskure da mantuwa da abin da aka tilasta su. Amma wane irin kuskure? Wanda da a ce zaton mutum ya zama gaskiya, aikin nasa halal ne. Misalin da malaman fiƙihu suke kawowa shine ango da aka kai wa wata mace daban daren aure aka ce ga matarka, wannan ba a yi masa haddi saboda shubuha, shi halal ya nufa.

To shi wannan fa? Mu ƙaddara ma shekararta 30, ai zina ce dai, ya sani sarai ba matarsa ba ce, kenan da saninsa ya shiga haram, abin da ya kuskure kawai girman hukuncin da zai hau kansa. Imamu Suyuɗi ya kawo ƙa'ida a Al-Ashbah wan Naza'ir cewa wanda ya san abu haram ne amma ya jahilci abin da zai biyo baya, jahilcin nan ba ya amfanarsa. Kuma yardar yarinya ba yarda ba ce, an ɗauke mata alƙalami, ita wadda aka zalunta ce, wallahi abin yana min ciwo in ji ana cewa wai ai tana da jiki ko ita ta ce ta kai. Tambaya ɗaya a tsaye ba bincike ba ne, balle ga jakar makaranta a bayanta, ga maganarta ta yara.

Su ma dokokin da kike karantawa ba sakaka suka bar ƙofar ba. A Ingila dokar laifukan jima'i ta 2003 ta ce in yarinya ba ta kai shekara 13 ba babu wannan kariyar sam, sai daga 13 zuwa ƙasa da 16 ake duba ko zaton na hankali ne. Kanada kuma sai mutum ya bi duk hanyoyin da suka dace na gano shekarun kafin a saurare shi.

Hukunci dai: wannan da'awar ba ta ɗauke zunubi, ba ta zama shubuhar da ke kore haddi in hujja ta tabbata. Iyakacinta alƙali ya duba ta wajen auna ta'azir, wato horon da alƙali ke yankewa bisa ganinsa inda ba haddi, in an tabbatar yaudararsa aka yi da takardar bogi misali, kuma hukuma na da ikon ta rufe wannan ƙofar gaba ɗaya don kare yara. Haƙƙin yarinyar na cutar da aka yi mata yana wuyansa ko ta yaya, ai ko kisan kuskure sai da Suratun Nisa'i aya ta 92 ta wajabta diyya. Wallahu a'alam.