Tambaya da Amsa: Shirya Gajeren Wasan Labari a Kan Tebur

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Zariya, kuma na daɗe ina kallon bidiyon masu wasan Dungeons & Dragons, inda mutum ɗaya yake jan labari, sauran kuma kowa ya zama wani jarumi a cikinsa. Abokaina huɗu sun yarda mu gwada ranar Asabar da yamma, amma ba mu da ƙananan mutum-mutumi da taswirorin da nake gani, ban kuma san tsawon labarin da zan shirya ba. Ta ina zan fara?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Wasan da ka ambata Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a Amurka a shekarar 1974, kuma ya samo asali ne daga wasannin yaƙi da ake yi da 'yan ƙananan sojoji a kan tebur, shi ya sa mutum-mutumin suka bi shi har yau. Sai dai aikinsu ɗaya ne kawai, wato su nuna inda kowa yake tsaye idan faɗa ya kaure, don haka rashinsu ba zai hana ku wasa ba.

Ka fara da lokaci, domin shi ne abin da ya fi kayar da sabon jagora, wato mai jan labarin. Zama na awa uku ba ya ɗaukar fiye da fage uku, kuma faɗa ɗaya tak tsakanin sababbin 'yan wasa yana iya cin fiye da rabin awa, saboda kowa sai ya yi tambaya kafin ya motsa. Ka rubuta wa kowane aboki jaruminsa tun a gida, a kan takarda guda, da sunansa da abin da ya ƙware a kai da wani rauni nasa, don kada awa ta farko ta tafi a lissafi.

Shawarata ita ce ka ɗauko labarin daga abin da abokanka suka riga suka sani. Ga misali: ayarin fatake ya taso daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, an sauka a zango, da gari ya waye sai aka nemi madugu aka rasa. Fage na farko shi ne zangon, inda za su tambayi jaji da mai masauki. Na biyu wani kufai ne mai tsohuwar rijiya, inda sawun jakin madugu ya tsaya. Na uku kuma gamuwa ce da waɗanda suka ɗauke shi. Ka san abin da masu ɗaukar suke so da dalilinsu, amma kada ka rubuta ƙarshen, domin a nan ne wannan wasa ya rabu da tatsuniya: abokanka suna iya zaɓar sulhu ko fansa ko dabara, kuma wajibi ne ka bar musu wannan zaɓi ko da ya rushe abin da ka tsara.

Batun taswira mai sauƙi ne. Ka samu farin kwali ka ja layuka, kowane gida inci ɗaya, wanda a ƙa'idar wasan yake matsayin ƙafa biyar, kuma yawancin jarumai suna tafiyar ƙafa talatin, wato gida shida, a duk zagaye. Murafun kwalba masu launi daban-daban su zama jarumai, tsakuwar dara ta zama 'yan fashi, kwalin ashana kuma ya zama katanga. Fage na uku kaɗai ne yake buƙatar wannan taswira.

Inda nake so ka ɓata lokacinka shi ne kan abu ɗaya da za su riƙe a hannu. Ka rubuta wasiƙar madugu da tawada, ka bari ta bushe, ka shafa mata ruwan shayi sama-sama har ta yi launin tsufa, sannan ka yage gefenta daidai inda sunan maci amanar yake, ya rage haruffa biyu kacal. Ka naɗe ta da zare tare da tsohon mabuɗi da 'yan wuri kaɗan a cikin ƙaramar jakar fata. Idan wani ya ce zai leƙa rijiyar, kada ka faɗi abin da ya gani, ka miƙa masa jakar kawai. Za ka ga sun ajiye wayoyinsu sun haɗa kai a kan takardar suna gardamar ko sunan wa ya fara da waɗannan haruffa.

Wasan yana amfani da dayis mai fuska ashirin, wato ɗan abin jefawa mai lambobi 1 zuwa 20: idan jarumi zai gwada wani abu, a jefa, a haɗa da makin gwanintar jarumi, abu mai sauƙi yana neman 10, matsakaici 15, mai wuya 20. Idan ba ka samu ba, ko kuwa wani daga cikinku ba ya son taɓa dayis, ka rubuta 1 zuwa 20 a 'yan takardu, ka nannaɗe, ka zuba a cikin hula, kowa ya zara ya mayar. Ka ajiye agogo kusa da kai, kuma idan saura minti arba'in ba ku bar kufai ba, to masu ɗaukar madugu su zo su same su a bakin rijiyar.