Ɗalibaina na cewa ina fifita 'yan Zango

Tambaya: Malam, ina koyar da lissafi a aji biyu na ƙaramar sakandare a Asawase, Kumasi. Akwai 'yan Zango masu jin Hausa a ajin, akwai Tonawa (wato Ashanti), akwai Dagombawa da Farafara. 'Yan Zango sun sake da ni, sauran kuwa sai ɗari-ɗari, har na ji ana raɗa cewa ina da son kai. Wallahi ban bambanta kowa ba. Ina gyaran yake?

Amsa: Malama, na yarda ba ki bambanta su a maki ba. Amma da wane harshe kike raha? Darasi da Turanci ne, kowa na ji. Sai Abdul ya yi kuskure ki ce "kai, ɗan nema!", rabin aji ya kwashe da dariya, Kwame na zaune bai san me aka ce ba, yana zaton da shi ake. Daga nan raɗar ta taso. Kada ki bar Hausa. Ki raba rahar. In kin jefa ɗaya da Hausa, jefa wata da Tonanci, ki kuma roƙi yaran Dagombawa su koya miki gaisuwar safe. "Dasiba" kawai, ko da kin karya ta, dariyar da za su yi miki riba ce.

Sunaye ma hanya ce. A sunayen rana na Tonawa, Kofi shi ne Ɗanjuma, Ama ita ce Asabe, Yaa ita ce Lami, Akosua kuma Ladi. Ware minti 10 wata ranar Juma'a, kowa ya faɗi ranar haihuwarsa da sunan da mutanensu ke ba ta. Na ga ajin da bayan haka wata Ama da wata Asabe suka koma kiran juna takwara.

Sai batun hukunci, inda amana ta fi saurin karyewa. Tun 2017 hukumar ilimi ta Ghana ta hana bulala, don haka abin da ya rage shi ne baki, kuma baki ya fi bulala zafi. Kada ki taɓa haɗa laifin yaro da ƙabilarsu, ko da wasa. Laifi iri ɗaya, hukunci iri ɗaya, musamman in ɗan maƙwabcinki ne daga unguwar Aboabo, domin shi duk ajin ke jira su ga yadda za ki yi da shi. Wanda ya sunkuyar da kai kina faɗa, kin san tarbiyya ce, mu ma haka aka rene mu. Wanda ya ɗago ya kare kansa kuma, ki saurare shi kafin ki kira shi mara kunya.

In kin aika a zo da iyaye sai kawu ya zo, ki ba shi kujera. A wajen Tonawa dangi ta uwa ake binsa, ɗan'uwan uwa na da ta cewa sosai a kan yaro. Kada ki ce masa uban kike nema.