Amsa ga Hajiya kan wasan geocaching a cocin St Martin

Assalamu alaikum. Hajiya, na saurari saƙonki inda kike tambaya ko ki bar yaronki ya bi 'yan ajinsu zuwa wasan geocaching a tsohon cocin St Martin da ke birnin Canterbury a Ingila, da kuma ko akwai abin da zai ƙaru da shi. Shawarata ita ce ki bar shi ya je.

Wasan ba shi da wuya. Wani ne ke ɓoye ƙaramin gwangwani da takarda a ciki, ya sanya lambobin wurin a intanet, masu nema su bi GPS na wayarsu har su gano shi, su rubuta sunansu, su mayar da shi yadda suka same shi. An fara shi a Amurka a watan Mayu na 2000. Idan aka haɗa shi da coci, sau da yawa sai an tattara lambobi daga allunan bango ko duwatsun kaburbura kafin a san maɓoyar, saboda haka dole yaro ya tsaya ya karanta, kuma wannan ne abin da ya fi burge ni.

Shi wannan cocin ƙarami ne, amma ana ɗaukarsa a matsayin cocin unguwa mafi daɗewa a Ingila da har yau ake ibada a cikinsa. Wajen shekarar 580 wata gimbiya Kirista mai suna Bertha ta zo daga ƙasar da yanzu ake kira Faransa, ta auri Ethelbert, sarkin Kent (yankin da Canterbury take), wanda a lokacin yake bin addinin gargajiya. An yi auren ne da sharaɗin za a bar ta ta yi addininta, sai aka ba ta wannan gini da ke wajen ganuwar birni, ita da limaminta Liudhard. Da Augustine, mai wa'azin Kirista da Fafaroma Gregory ya aiko, ya iso a 597, a nan ya fara ibada da wa'azi kafin a gina babban cocin garin. A 1988 UNESCO ta sanya wurin cikin wuraren tarihi na duniya.

Ki ce masa ya ɗaga kai daga waya ya dubi bango da kyau. Zai ga siraran jajayen tubala a tsakanin duwatsu, waɗanda na zamanin Rumawa ne, wato sun girmi ita kanta Bertha.

Sai ki ja masa kunne a kan abu guda. Harabar cocin maƙabarta ce, kuma wurin ibadar mutane ne, don haka kada ya taka kabari, kada ya ɗaga murya, kada ya ciro dutse daga bango. Dokar wasan ta hana binne gwangwanin a ƙasa, babu dalilin tona komai. Allah ya kai su lafiya, ya dawo da su lafiya.